Asabar a Yamai, ranar da ƙaramar cikinmu ta yi magana

Asabar ce amma mun shiga biro, don furojen manhajar salula da muke yi wa 'yan albasa ya makara kuma kowa a cikinmu ya sani. Zafin Afrilu ne, tun ƙarfe tara bango ya ɗau wuta, kuran ya tafi ya dawo ya sake tafiya, sai muka tada gurup, wato injin ba da wuta, muka kashe kilim don mai ya kai mu la'asar. Mu huɗu ne a aikin, ni da babban yayanmu da muke ce wa Malam wanda ya girme mu a shekaru da kuma a sana'ar, da wani ƙane mai riƙe da ɓangaren Android, sai ƙanwar nan da ta zo mana sitaj daga jami'ar Abdou Moumouni. Manhajar ta 'yan kasuwa ce masu lodin albasa daga Galmi da Madawa suna kaiwa har Gana da Kodebuwa, sun gaji da rubuta buhu nawa aka ɗora, wa ake bi bashi, nawa aka ba direba, a cikin kaye da zufa ke cinyewa.

Kafin ma mu zauna Alhaji mai furojen ya kira. Bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, ɗana, ku ɗauki yara huɗu ku ƙara, ni zan biya, in dai a gama da wuri. Da zuciya ɗaya ya faɗa wallahi, kuma a wurin aikinsa gaskiya ce, in ka ƙara masu dako mota ta fi saurin cika. Na ce masa ranka ya daɗe namu aikin ba ya tafiya haka, duk wanda ya shigo sabo sai wani cikinmu ya bar nasa aikin ya zauna yana nuna masa inda kome yake, ga shi mutum huɗu hanyoyin magana tsakaninsu 6 ne kawai amma in sun zama takwas hanyoyin sun koma 28, kowace kuma wuri ce da saƙo zai iya ɓata. Ba ni na gano wannan ba, Fred Brooks da ya shugabanci aikin wata babbar manhaja mai suna OS/360 a kamfanin IBM ya rubuta shi tun 1975, cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake. Muka tsaya a kan za mu fara ba shi ɓangaren buhu da bashi yaransa su gwada a Galmi, sauran ya biyo baya. Ya ce Allah ya taimaka, na ce amin.

Sai ɗan taronmu na safe da muke yi a tsaye, minti 15, kowa ya faɗi me ya yi jiya, me zai yi yau, me ya tare masa hanya. Da aka zo kan ƙanwar nan ta ce ba kome, lafiya lau, tana kallon ƙasa.

Da rana ne fa abin ya fito. Mun aika an sayo dambu da zogale, sauran sun fita alwala, sai ta matso da salularta ta ce Yaya, in nuna maka wani abu? Ta buɗe manhajar ta rubuta ciniki na buhu 40, ta danna aikawa, kafin ya gama ta katse rezo da hannunta, ta jira kaɗan ta mayar. Muka duba can wajen sarba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan tana ajiyewa, sai ga cinikin ya shiga sau biyu, buhu 80. Abin da ke faruwa shi ne saƙon yana isa sarba lafiya, amma amsar da za ta dawo ta ce na karɓa ita ce ke ɓata a hanya, salula kuwa tana zaton bai je ba sai ta sake aikawa. A biro da intanet mai kyau ba za ka taɓa ganin haka ba, amma a hanyar Konni zuwa Madawa ko a bakin gona inda rezo ke zuwa yana tafiya kullum ne zai faru. Na tambaye ta tun yaushe ta gani, ta ce tun farkon sati. Na ce to me ya hana ki faɗa a taron safe, ta yi shiru sannan ta ce, Yaya kod ɗin Malam ne, ya zan tashi gaban mutane in ce aikinsa da gyara. Kod shi ne rubutun umarnin da manhaja ke bi, kuma Malam ne ya rubuta na wannan ɓangaren.

Raina bai ɓaci da ita ba ko kaɗan. Tarbiyyar da aka yi mata ce, ita aka yi mana duka, yaro ba ya gyara wa babba magana a cikin taro, kuma ni ba na so a cire mana wannan, na ga wuraren aikin da babu ita kuma ban yi sha'awarsu ba. Amma na yi ta tunanin wani ɗan kasuwa a Galmi da za a zo a ce ana bin sa kuɗin buhu 80 alhali 40 ya karɓa, ga salula ta nuna, ga shaida a rubuce, mutanen da suka yi shekaru suna ciniki da amana su ɓata a kan kuskuren da wata a cikinmu ta gani ta kasa faɗa. Wannan ne ya tsaya mini a wuya har na kasa gama dambun.

Kuma ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwon. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard da ta yi bincike a asibitoci ta tarar da abin da ya ba ta mamaki, rukunin ma'aikatan jinya da suka fi zaman lafiya da shugabanci mai kyau su ne aka fi samun rahoton kuskuren magani a wurinsu, dalili kuwa su ba sa tsoron faɗa, sauran ɓoyewa suke. A 1999 ta fitar da aikinta kan wannan natsuwar da mutum ke samu cewa in ya yi tambaya ko ya nuna matsala ba za a wulaƙanta shi ba. Google ma daga 2012 sun bi rukunin ma'aikatansu kusan 180 suna neman me ke sa wani rukuni ya fi wani, kuma abin da ya zo a gaba shi ne wannan ɗin dai, ya ma fi batun su wane ne aka tara a rukunin. To in a Amurka inda yaro ke kiran shugabansa da sunansa tsirara abin na da wuya, ina ga nan.

Ban ce mata ta je ta tunkare shi ba, da na ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Cewa na yi ta rubuta gwaji, ɗan kod ƙarami da zai aika ciniki ɗaya sau biyu sannan ya ƙirga nawa ya shiga, in ya wuce ɗaya ya nuna ja. Bayan azahar muka taru mu huɗu gaban allo ɗaya kamar yadda muke yi in za a duba aikin juna, aka saki gwaje-gwaje duka, kore kore kore sai ɗaya ja. Ba wanda ya ce kowa ya yi kuskure, allo ne ya nuna. Malam ya gyara gilashinsa ya karanta, ya ce a sake mu gani, aka sake, ja. Ya ce wa ya rubuta wannan? Ta ce ni ce Malam, da ƙyar ake jin muryarta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Allah ya yi miki albarka 'yata, jawo kujerarki nan kusa, ke za ki riƙa bugawa ni in riƙa faɗa. Kai, na ji daɗin mutumin nan yau, girmansa ya ƙaru a idona.

Gyaran bai da tsawo, kowane ciniki tun a salula za a ba shi lamba tasa shi kaɗai lokacin da aka rubuta shi, sarba kuma in ta ga lambar da ta taɓa karɓa sai ta ce na riga na samu, ba ta sake rubutawa. Kafin la'asar ja ya koma kore. Abin da ya fi gyaran ma a wurina shi ne yanzu mutum biyu ne suka san cikin ɓangaren aikawa da karɓa, da Malam ne kaɗai, in zazzaɓi ya kwantar da shi ko ya tafi gida gaisuwa aikin ya tsaya cik. Na ba su labarin xz na watan Maris 2024, ƙaramin kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, wato tsarin da ke tafiyar da sarba da kwamfutoci masu yawa, mutum guda ne ke ɗawainiya da shi shekara da shekaru ba albashi har ya gaji, wani ya shigo da sunan taimako ya yi kusan shekara biyu yana samun yarda, sannan ya dasa ƙofar ɓoye a ciki, wadda za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane ba izini. Wani injiniya Andres Freund ne ya lura shiga ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin. Mun yi yarjejeniya nan take, ba kod ɗin da zai shiga babban reshe a Git, ma'ajiyar da muke haɗa kod ɗinmu, sai wani ya karanta, har nawa har na Malam, a riƙa turo shi ƙanana don a iya karantawa da gaske, kuma duk wanda ya ce a canza abu ya faɗi dalili.

Bayan la'asar na hau moto na ƙetara gadar Kennedy zuwa Harobanda wajen haɗuwarmu ta masu kod. Asalinta fada ce, 'yan samari da butar shayi da kwamfuta a cinya, yanzu ta girma har ana aron aji, ɗalibai da masu aiki da waɗanda suka koya da kansu a YouTube. Yau wani ya nuna yadda ake taswirar unguwa a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara mata bayani, da faransanci ya fara sai ya ga fuskoki sun yi nauyi ya juya Hausa, wani ya riƙa maimaitawa da Zabarmanci, nan da nan hannuwa suka tashi ana tambaya. Na daɗe ina cewa mu daina jin kunyar yin bayanin fasaha da harshen da muke tunani da shi.

Amma maganar da ta ɗau zafi ta wani yaro ce da ya yi tambaya a gurup ɗinmu na WhatsApp kan yadda ake girka Python, wani harshen rubuta kod, a kwamfuta, wasu suka yi masa dariya, wani ya ce in wannan ya gagare ka koma ka sayar da kati, yaron ya fita daga gurup ɗin bai dawo ba. Wani daga cikin ƙwararrunmu ya ce ai haka ake koyo, mu ma an zage mu kuma ga mu. Na tashi na ce masa ɗan'uwa, ku da kuka jure muna ganinku, waɗanda suka tafi fa wa ya ƙirga su? Mu nawa ne ma a ƙasar nan gaba ɗaya da za mu riƙa korar masu zuwa. Linus Torvalds da ya fara Linux a 1991 ya kuma ƙirƙiro Git a 2005, wanda duniya ta san shi da kaushin baki ga masu turo masa kod, a Satumba 2018 da kansa ya fito ya ba da haƙuri, ya ɗan janye daga aikin don ya gyara halinsa, Linux kuma ta ɗauki ƙa'idar zaman tare a rubuce. Ba wanda ya ce a karɓi kod mara kyau don a faranta wa mutum rai, a ce masa bai yi ba, a nuna masa inda bai yi ba, amma a bar masa mutuncinsa ya dawo gobe. An yi ta ja-in-ja, wasu na ganin rubuta ƙa'ida abin turawa ne, mu musulmi ne mun san ladabi. Wani dattijo malamin lakwal da ke zuwa jefi-jefi ya ce to tunda mun sani rubutawar ba za ta yi mana wuya ba, layi biyar sun isa. Aka yarda, aka ba mutum uku su kawo daftari.

Sai wata 'yar'uwa ta ɗaga hannu ta ce tunda ana maganar masu tafiya, ku duba ɗakin nan ku ƙirga mata. Kaɗan ne ƙwarai. Ta ce duk lokacin da kuka ja taro har bayan magariba kun sallame mu ke nan, ba gidan da zai bar 'yarsa ta ƙetaro gada da dare, kuma ita kanta yanzu za ta tashi. Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya iya musu. An mayar da taron ƙarfe goma na safiyar Asabar, a tashi kafin azahar, wanda ke nufin mu a biro dole mu daina cinye Asabar da aiki, na kuma yi alkawarin haka a gaban mutane.

Saura batun ɗaliban jami'ar Tawa da suka roƙi a riƙa haɗa su ta bidiyo, an ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa na forfe, an tara 'yan jikkuna amma ba za su kai wata ba, sai mun nemi wani biro mai intanet ya ba mu aron ɗaki. Yaron da ya fita daga gurup kuwa an samu mai lambarsa, unguwarsu ɗaya da ƙanen nan namu mai Android a Talaje, ya ce gobe bayan la'asar zai bi ta gidansu da kwamfutarsa su girka Python ɗin tare, in ya yarda ya taho da shi Asabar mai zuwa.