Rubutun da ke bayan kwalba

Shagon maganin dabbobi gare ni, bana shekara 11 kenan, ba nisa da kasuwar Wudil, kuma duk wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san ba ranar zama bace, tun kafin rana ta ɗaga makiyaya da dillalai da mahauta sun cika ƙofa kowa da irin tasa matsalar. Kowa Dakta yake ce min alhali ni ba dakta bane, difloma nayi a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom, likitan gaske sau biyu yake zuwar mana a sati kuma shi ne yake tsaya wa shagon. Da ina gyara wa mutane, yanzu na gaji na bari, har mai ɗakina in tana so ta tsokane ni Dakta take cewa.

Kayan da muka fi sayarwa ba su da yawa. Allurar oksi wato oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ita ce uwa, sai tailosin shima irinta, maganin tsutsa, maganin kaska, maganin sammore, bitamin kala kala, gishirin lasa, sai rigakafin kaji su Lasota da Gumboro. Rigakafin nan shi ne wahalar sana'ar gaba ɗaya don baya son zafi ko kaɗan, a kula da ƙanƙara ake kawo shi, ka saka a firiji, in wuta ta ɗauke kwana biyu to ruwa ne kawai a kwalba amma ba zaka gane da ido ba. Na taɓa zubar da na firiji guda wata shekara da zafin Afrilu, ranar ban iya cin abinci ba, bayan nan ne na ci bashi na saka sola. Kuma abin haushi ribar rigakafi ba wata bace, mutanenmu sun fi yarda su sayi allura bayan dabba ta kwanta akan su biya ɗan kuɗi tana tsaye. In na gaji da bayani sai in tuna musu bushiya, annobar shanun nan, dattawan Fulani sun san sunan, ita ta sa aka kafa cibiyar binciken Vom a 1924, kuma da rigakafi aka kashe ta har aka sanar a 2011 cewa ta ƙare a duniya. Yanzu PPR ta awaki da tumaki ake so a yi wa haka nan da 2030, mai sa zawo da majina ɗin nan, Allah Ya sa mu gani.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki waya nake rubutu ba. Wata Hajiya ce kwastoma ta, tana da kaji masu ƙwai wajen 400 a bayan gidanta, mace mai kirki bata taɓa riƙe min ko sisi ba. Ta aiko yaro wai kaji suna zawo suna takurewa, kullum sai an kwashe uku ko huɗu. Na bada garin oksi a saka a ruwa. Bayan kwana biyar ba sauƙi, na canza wani. Shima shiru. Sai na ɗauko wani mai haɗi wanda a ciki akwai magani har kala huɗu, harda colistin, nace Hajiya in dai wannan bai yi ba to sai addu'a. Bai yi ba ɗin kuwa. Da likitanmu ya zo na faɗa masa, ya kalle ni wani irin kallo yace muje gidan. Ya farke mushe biyu a gabanmu, zuciya da hanta duk wani farin abu ya lulluɓe su kamar an shafa musu kindirmo, yace wannan ya yi kama da aikin ƙwayar E. coli amma bari mu kai lab kada mu ci gaba da lalube cikin duhu.

Na bi shi lab ɗin don ina son in gani da idona. Yadda suke yi shi ne su shuka ƙwayar cutar a wani ɗan faranti, su jera ƙananan takardu a kai kowace an jiƙa ta da magani daban, washegari duk maganin da yake aiki zaka ga fili ya zagaye takardarsa, ƙwayar ta kasa matsowa. To wallahi farantin Hajiya kusan duk takardun ƙwayar ta tsiro har jikinsu kamar ciyawa a gonar da ba a nome ba. Oksi ko gezau. Biyu kacal ne sukai fili. Likita ya tambaye ta, Hajiya tun yaushe kike basu irin wannan maganin? Tace ai tun suna ƴan kwana ɗaya, kuma duk wata sai na saka musu na kwana biyar ko lafiyarsu ƙalau, saboda rigakafi. Yace wa ya ce ki yi haka? Ta juyo ta nuna ni tace Dakta ne mana. Ƙasa ce kawai bata tsage na shige ba, don gaskiya ta faɗa, haka na tarar ana yi haka nima nake gaya wa kowa, kuma duk wata ciniki ne a wajena.

Asalin matsalar ma ashe ba ta magani bace. Tankin ruwan a buɗe yake ƙadangaru da tsuntsaye suna ta sha'aninsu a kai, dusar katakon da aka shimfiɗa ta jiƙe ta dunƙule, in ka shiga ɗakin wari har yaji yake maka a ido. Aka kwashe shimfiɗar, aka wanke tanki aka rufe, aka buɗe tagogi, aka bada ɗaya daga cikin magungunan nan biyu yadda ya kamata, mutuwa ta tsaya. A hanyar dawowa likita ya min tambayar da har yau take min yawo a ka, yace duk satittikan nan da kake ɗura musu magani, ƙwan ina yake zuwa? Ina kuwa zai je, wajen masu shayi da masu indomi, kiret kiret, ko ɗaya ba a zubar ba. Ni kaina a layin nake karyawa.

Daga nan na fara karanta abinda ake turo mana a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu, da can wucewa kawai nake. Akwai babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022, sun lissafa cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ba wai duka laifin dabbobi bane, mutane ma shan kafso suke kamar gyaɗa, amma ƙwayar cuta bata san wannan hanjin kaza bane wannan na mutum ne, abinda ta koya a ɗakin kaji dashi take zuwa asibiti. Wanda ya fi tsaya min shi ne maganar colistin. A asibiti shi ne maganin da ake ajiyewa sai komai ya gaza, sai gashi a 2015 masu bincike a China sun gano wani abu a jikin E. coli na aladu da suka sa wa suna mcr-1, yana sa ƙwayar ta daina jin colistin, kuma mugun abun shi ne ƙwaya tana iya miƙa wa wata ƙwayar shi kamar yadda kake tura wa abokinka hoto a WhatsApp, ba sai ta haife ta ba. A 2017 China ta hana zuba colistin a abincin dabbobi don su yi ƙiba, Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta hana amfani da irin waɗannan magungunan don ƙiba. Ni kuma gashi nan a kan kantar shagona a leda mai hoton zakara, yaro ɗan shekara goma zai iya zuwa ya saya.

A bayan kowace kwalba akwai ɗan rubutu ƙanana da Turanci wanda ba mai karantawa, yana faɗin kwana nawa za a jira bayan allurar ƙarshe kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Oksi mai daɗewa a jiki wasu kamfanonin kwana 21 suke rubutawa na nama wasu 28, ya danganta, shi yasa nake cewa a duba kwalbar da ke hannu. Wasu magungunan ma an rubuta ƙarara kada a ba kazar da take ƙwai. To lokacin babbar sallah ka zo ka ga ikon Allah, masu kiwon raguna saura sati ɗaya su kai kasuwa suna neman allurar da zata sa rago ya murje, in yana ɗan tari a danna masa oksi ya miƙe, mai layya ya saya da kuɗin gumin sa ya raba wa maƙwabta. Wani lokacin mahauta da kansu suke gaya min in sun feɗe sai su tarar da wajen allurar a cinya ya canza kala, su yanke wajen su jefar, sauran kuma ya tafi tsire.

Da makiyaya abin ya fi wuya kuma bana ganin laifinsu sosai. Akwai wani Arɗo dattijo da muke mutunci dashi, na masa bayani yadda zan iya, nace Baffa saniyar da akai wa allurar nan a bar nononta kwanakin da aka rubuta kada a kai kasuwa. Ya yi dariya yace Dakta, shanu biyar ake tatsa a gidana yanzu, rani ne, uku akai wa allura, kana so in ce wa mata su zubar da nono a ƙasa, kai zaka basu kuɗin cefane? Ban da amsa, har yanzu ma ban da ita. Abinda ya taimake ni daga baya ba Lancet bace, matansa ne. Su suka lura wani lokaci nono yana ƙin yin barci, a zuba masa iri a rufe ƙwarya da safe a tarar dashi tsararo, suna cewa ko baki ne ko sanyi. Nace Baffa a lura, duk sanda haka ta faru a duba ko akwai saniyar da akai wa allura a satin. Don abinda yake kama nono ya zama kindirmo shima ƙwayoyin halitta ne masu amfani, maganin da ya fito ta hantsa su yake fara kashewa. Bayan kamar wata biyu ya dawo yace maganarka akwai ƙamshin gaskiya. Yanzu dai suna ware ƙwaryar saniyar da akai wa allura su bar wa ɗan maraƙi, ba kullum ba, amma ya fi da.

Ana yawan ce min ai ana dafawa. Dafuwa tana da amfani sosai kada wani ya ji ni ba daidai ba, ita ke kashe tarin fuka na shanu da bakkale mai sa ɓari wadda take kama mutum ta ɗanyen nono ya yi ta zazzaɓi ana masa maganin maleriya a banza. Ko a Amurka da murar tsuntsaye ta shiga shanun madara a Texas a watan Maris 2024, abinda ba wanda ya zata, an sami ƙwayar da yawa a ɗanyar madara har kyanwoyin da suka sha a gonakin suka mutu, amma wadda aka dafa a kamfani ba matsala. Mu da muka ga 2006 da ta fara ɓulla a jihar Kaduna da kuma 2015 da ta yi wa masu kajin Kano ɓarna, labarin nan ya sa gabanmu faɗuwa. Sai dai wuta ƙwayar cuta take kashewa, ragowar magani ba lallai ta tafi duka ba, kuma ƙwayar da ta riga ta koyi taurin kai tana nan a kashin kajin da muke saya buhu buhu muna zubawa a gonar latas da tumatir.

Abinda na canza a shago ba wani babba bane. Na daina cewa a saka magani duk wata. Na sayi baƙin alƙalamin maka, duk kwalbar da zata fita sai na rubuta da Hausa ko da ajami a jikinta ranar da za a iya yanka, yaron shagona har ya haddace. Mai haɗin colistin ɗin na sauke shi daga kanta, sai likita yace. In mace ta zo tace a bata ja da yalo ta buɗe wa kajinta a ruwa, kafson mutane fa kenan, sai in tsaya tambayarta tukuna, me suke yi, tun yaushe, an musu Lasota? Da yawa basa son tambaya, suna ganin ɓata lokaci ne ko so nake in ƙara kuɗi. Ciniki ya ragu, ba zan ɓoye ba, musamman ɓangaren kaji, yaron nawa ma yana ƙorafi yace oga kana korar mana kwastoma, ga masu tire can a rana suna sayar da allurar da ba lambar NAFDAC kuma ba mai tambayarsu komai. An ƙirƙiro ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, muna dai sauraro mu ga ko zata iso kan tiren nan.

Juma'ar da ta wuce wani dillali ya shigo da sauri yana gumi, yace Dakta bijimi ne ya kwanta min a kara kuma na riga na karɓi kafin alƙalami, ka bani abinda zai tashe shi na awa biyu kawai a loda shi. Nace Alhaji ina za shi? Yace Legas, jibi war haka an yanka. Nace to ni gaskiya ba zan bada ba, bari in kira likita ya duba shi, in na yanka ne a yanka a nan a duba naman. Ya kalle ni yace kai dai baka son kuɗi, ya fita. Bayan la'asar yarona ya dawo daga sayo mana ruwa yace ya gan shi tsugune wajen mai tire ana zuƙa masa sirinji biyu, kuma ya ga bijimin da ƙafarsa ya hau tirela.