Yinin Asabar a gundumar McDowell

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau ba ni da aiki, sai na cika alkawarin da na daɗe da yi wa dattijon maƙwabcina na kai shi garinsu. Baba nake ce masa, ya saba har yana amsawa. Baƙar fata ne, haifaffen gundumar McDowell, can ƙuryar kudancin jihar West Virginia a nan Amurka, mahaifinsa kuwa a ramin kwal ƙarfinsa ya ƙare. Idon Baba ya yi rauni, ya daina tuƙi.

Daga Bluefield muka kama hanya mai lamba 52. Kwana bayan kwana a tsakanin duwatsu, ga rafi ga layin dogo, gidaje sun matsu a ɗan filin da ya rage. Jirgin ƙasa ya wuce mu da taragu maƙil da kwal. Baba ya ce tun yana yaro haka ya san su, su shigo wayam su fita a cike.

A ƙidayar 1950 mutanen gundumar nan sun kusa 100,000. A ta 2020, 19,111 aka samu. Ba sai an faɗa maka ba, shagunan da aka toshe tagoginsu da katako sun isa shaida. Injinan haƙa ne suka fara cinye aikin, kuma baƙaƙen fata, waɗanda yawancinsu da shebur suke lodi, su aka fi sallama. A 1986 kamfanin U.S. Steel ya rufe ayyukansa na garin Gary, sai ambaliyar 2001 da ta 2002 suka ƙara wa Barno dawaki.

Muna cikin tafiya ya laluba aljihu ya miƙo mini wani ɗan kwabo na tagulla, an huda tsakiyarsa, rubutun ya kusa shafewa. Kuɗin kamfani ne. Idan albashi bai kai ƙarshen wata ba, da shi ake ba ma'aikaci bashi, kuma sai a kantin kamfanin yake cin cikakkiyar darajarsa. Gidan da kake ciki na kamfani, likita na kamfani, ranar da ka shiga yajin aiki a watso maka kaya waje. Na daɗe ina jujjuya shi a tafin hannuna, raina ya ɓaci ƙwarai.

Amma ba don ya nuna mini kufai ya kawo ni ba. A Keystone ya ce in tsaya.

"Ɗana, ka san mace baƙar fata ta farko da ta zauna a majalisar dokokin wata jiha a duk ƙasar nan?"

"A'a, Baba."

"Mazauniyar garin nan ce."

Minnie Buckingham Harper ke nan. Mijinta ɗan majalisa ne, da ya rasu gwamna ya naɗa ta a kujerarsa a 1928. Bayanta, a 1950, masu jefa ƙuri'a na wannan gunduma suka zaɓi malamar makaranta Elizabeth Simpson Drewry, baƙar mace ta farko da ta ci zaɓen majalisar jihar. Dalilin a fili yake: a jihohin kudu an toshe wa baƙar fata hanyar zaɓe, a nan kuwa waɗanda suka zo neman aikin kwal suna da ƙuri'a, suna kuma da yawa. Abin da nake ganin ya kamata a fara faɗa game da McDowell ke nan, kafin a kai ga labarin talauci da ƙwaya da 'yan jarida ke zuwa ɗauka.

A Kimball akwai wani gini mai manyan ginshiƙai, an buɗe shi a 1928 don tunawa da sojoji baƙaƙen fata da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi gobara a 1991, daga baya aka gyara. Baba ya cire hula tun daga bakin titi. Ya ce nan ake taro da biki lokacin da wasu wuraren ba sa karɓarsu.

Azahar ta same mu a Welch, hedikwatar gundumar. Na yi salla a gefen mota, sannan na riƙe masa hannu muka hau matakalar kotu a hankali. A kan wannan matakala, ranar 1 ga Agusta 1921, 'yan bindigar Baldwin-Felts, kamfanin masu tsaro da masu ramukan kwal ke ɗauka haya, suka harbe Sid Hatfield da abokinsa Ed Chambers a gaban matansu. Hatfield shi ne shugaban 'yan sandan garin Matewan da ya tsaya wa masu haƙar kwal a arangamar da aka yi da mutanen wannan kamfani a 1920. Ba a hukunta kowa ba. Kafin watan ya ƙare, ma'aikata wajen 10,000 sun ɗauki makamai sun nufi dutsen Blair.

A Welch ɗin nan aka haifi Steve Harvey mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, a 1957, ɗan mai haƙar kwal ne shi ma. A nan kuma aka fara raba takardun tallafin abinci na gwamnatin Kennedy a 1961, bayan ya ga halin da mutane ke ciki lokacin yaƙin neman zaɓe. Gundumar da kwal ɗinta ya narka ƙarfen ƙasar nan, ita ce ta fara miƙa hannu. Wannan ya tsaya mini a wuya.

Na so mu ƙarasa Coalwood, garin Homer Hickam, yaron da ya fara harba ƙananan rokoki da abokansa har ya zama injiniya a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, amma ƙafar Baba ta kumbura. Muka juyo. A hanya ya ba ni labarin tarin mahaifinsa, ciwon baƙin huhu da ƙurar kwal ke jawowa, yadda a ƙarshe a zaune yake kwana don numfashi ba ya yiwuwa a kwance. Ya ce kabarin yana kan wani tudu kusa da Northfork, ciyawa ta rufe shi, kuma babu sauran dangi a kusa. Na ce masa in Allah ya kai mu bazara zan zo da adda da manjagara mu share.