Ɗinkin samari a Bauchi da tsadar tambarin Turawa

Shagona yana kan hanyar Yelwa a nan Bauchi, kuma yawancin masu kawo mini aiki samari ne: ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, 'yan Gwallameji, sai angwaye da abokansu. Ina ɗinka kaftani da jamfa da 'yar shara, ina kuma fitar da riguna da wanduna na zamani waɗanda ni nake zana su, in maƙala ɗan tambarina ta ciki a bayan wuya. Duk telan da ya daɗe yana auna kafaɗar samari ya san abin da ke ransu. So suke in sun shigo taro a ce wannan daban yake, ba ya bin layin kowa, ba a juya shi.

Manyan kamfanonin kayan gayu na Turai da Amurka sun daɗe da gano wannan, kuma da shi suke cin kasuwa. Supreme ƙaramin shago ne da aka buɗe a New York a 1994 don yaran unguwa masu wasan zamiya a kan titi, yaran da manya ke yi wa kallon kangararru. A 2017 Louis Vuitton ya haɗa kai da su suka fitar da kaya tare, a 2020 kuma wani babban kamfani ya saye Supreme ɗin a kan dala biliyan 2.1. Balenciaga a 2022 ya fito da takalmi yagagge, mai kama da wanda aka tsinto a bola, ya sa masa dala 1,850. Tun kafin nan, a 2007, Louis Vuitton ya nuna jaka mai zanen Ghana-must-go, wadda iyayenmu mata ke zuba tsummokara a ciki. Yaro ya saya yana jin ya bijire wa duniya, alhali kuɗinsa aljihun masu riƙe da duniyar ya tafi. Gucci da Balenciaga duk na kamfanin Kering ne, Louis Vuitton kuwa yana ƙarƙashin LVMH na Bernard Arnault, ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu nan ko na ainihin ba ya iso mana. Jabu ne ake jibgewa dila-dila. Ka shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal da yamma, za ka ga samari goma da riga iri ɗaya, tambari ƙato a ƙirji, kowannensu yana ganin ya fita daban. Wanki biyu rubutun ya fara ɓarewa, wuyan ya saki.

Akwai wani tela da nake yawan ba yarana labarinsa, Dapper Dan, baƙar fata a unguwar Harlem da ke New York. Ya buɗe shagonsa a 1982, yana ɗaukar tambarin manyan kamfanoni yana ɗinka wa mawaƙa da 'yan dambe kayan da su kamfanonin ba su taɓa tunaninsu ba. Suka kai shi ƙara, shagon ya rufe a 1992. Shekara 25 bayan nan Gucci ya fito da wata riga da mutane suka ce tasa ce sak, surutu ya yi yawa, daga baya suka haɗa gwiwa da shi, a 2018 ya sake buɗe wurin ɗinki a Harlem ɗin. Ban yarda da satar tambarin wani ba, kuma ba na yi. Amma labarin ya nuna inda basirar take: a hannun mai almakashi, wanda yake zaune da mutanensa ya san jikinsu.

Ni a wajen ƙanin mahaifiyata na koyi ɗinki, a wata rumfa kusa da Wunti, a kan keken Butterfly na ƙafa. Da farko na daɗe ban taɓa keken ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, da yin ƙofar maɓalli da allura. Kawu, Allah ya jiƙansa, ba ya duba gaban riga. In aka miƙa masa sai ya ce, "Kai ɗan nan, juyo mini cikinta." Ya bi ɗinkin hammata da babban yatsa, ya ja shafi ya ga ko zai tattare, ya ɗaga wuyan a hasken ƙofa. Idan zare ɗaya ya kauce, warwara za a yi, ko da mai rigar yana zaune a kan benci yana jira. A wajensa na koyi cewa zanen shadda dole ya haɗu a bakin aljihu, furen da ya fara a jikin riga ya ƙarasa a kan aljihun, har mai kallo ya kasa gane inda aka ɗora. Wannan yana cin yadi, yana cin lokaci, shi ya sa teloli da yawa suka daina. A shagona har gobe haka ake yi.

Da wannan hannun nake amsa buƙatar samari. Kwanaki wani ɗalibi ya zo da hoto a waya, wandon jins yagagge tun daga cinya har gwiwa. Ya ce, "Oga, irin wannan nake so, amma ka san Baba, ba zan shiga gida da shi ba." Na ce ya ba ni dama. Na yanka masa baƙar shadda, kaftani gajere da bai kai gwiwa ba, na karkatar da tsagar wuyan zuwa kafaɗar hagu maimakon tsakiya. Sannan na ɗauko zanen aska na babbar riga, wanda kakanninmu ke sawa a ƙirji, na mayar da shi baya, da jan zare, aikin hannu. Wani dattijo da ya fi shekara 40 yana aikin allura shi ya yi mini, ya kwashe makonni a kai. Wandon na tsuke shi daga gwiwa, na bar masa sakewa a sama yadda zai durƙusa ya gaida manya ba tare da fargaba ba. Ya sa ranar Juma'a. Mahaifinsa ya yaba, abokansa kuma suka biyo shi har shago.

Daga nan matsalar take farawa. Yana ɗora hoton a Instagram, kafin mako ya zagayo an kwafa. An samu yadi mai sheƙin roba, an buga askar da injin surfani cikin awa ɗaya, wuyan ya karkace ta inda bai kamata ba, ana sayarwa a kashi ɗaya bisa uku na kuɗina. Sai wani ya zo ya tsaya mini a ka, "Haba Oga, wancan fa kaza ya ce." Mutumin nan jiya ya biya kuɗin jabun Gucci bai ce a rage ko sisi ba, yau aikin da dattijo ya ƙare idonsa a kai shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Nakan ce masa, "Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Je ka juyo cikin waccan, ka dawo ka juya tawa." Da yawa suna dawowa.

Masu yadi ma ba a bar su a baya ba. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, kuma ita ma an cika kasuwa da jabunta. Na taɓa rabuwa da wani da nake sarin yadi a wajensa a Kano saboda ya cusa mini bandir biyu na jabu a tsakiyar kaya. Yanzu kowane bandir sai na buɗe da hannuna, na murza gefensa, na jiƙa ɗan ƙyalle na ga yadda zai yi bayan ya bushe, kafin almakashi ya taɓa shi.

A bana na fara haɗa saƙi da yadin da aka rina a marinar Ƙofar Mata, ina yin riguna masu buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa a kan jamfa ko ƙaramar riga. Kowane zane mutum uku kawai nake yi wa, daga nan na ajiye shi, kuma ina rubuta sunan wanda ya karɓa don kada 'yan unguwa ɗaya su yi karo a wajen biki. Mai son kayan Sallah ya zo tun kafin azumi ya raba, domin daga nan ba na karɓar sabon aiki. Ya zo da kansa a auna shi, ba na ɗinki da awon da aka turo ta waya.