Wata biyar na yi asara saboda tambaya ɗaya da ban yi wa kaina ba

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Tofik ɗina na mastas shi ne yadda danna waya da daddare ke shafar sakamakon jarabawar ɗalibai, kuma ni a lokacin gani nake na gama da wannan babin, tunda sufabaiza ya sa hannu, na yi ta kwana kan Google Scholar, shafin neman takardun bincike, har na tara takardu sun fi hamsin, na rubuta cafta uku tas, na ma duba teburin nan na Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna yawan mutanen da za a ɗiba a bincike, na ga mutum 384 sun ishe ni, ina ta cika baki a gaban 'yan ajinmu.

To makin ɗaliban fa, wa zai ba ni? Wannan ce tambayar da ko sau ɗaya ba ta zo mini a rai ba. Ranar da na je karɓa aka ce sirri ne, ba a fitar da makin kowa sai da izininsa. Na kai wasiƙa, na koma, na sake komawa, je ka dawo har wata biyu, kuma abin haushin ma gaskiyarsu ce, ni ne na zo fafe gora ranar tafiya.

Da na koma wajen sufabaiza na ce "Malam, sun hana ni data," ko tausaya mini bai yi ba, cewa ya yi "To kai takamaimai me kake son sani wanda ba a sani ba?" Na yi shiru. Ashe duk tsawon lokacin nan take kawai nake riƙe da shi, ba ni da wata matsala da zan iya faɗa a jimla ɗaya. Waya, dare, jarabawa, ɗalibai, kowanne ai bincike ne mai zaman kansa.

Ƙarshe dai na rage shi zuwa alaƙar danna waya bayan an kwanta da yawan awannin barci, a 'yan ajin ƙarshe kaɗai, abin da su da kansu za su iya amsa mini a takardar tambayoyi ba sai na roƙi wani ofis ba. Na fara gwada ta a kan mutum 20 kafin na rubuta ko layi ɗaya.

Don Allah in kana zaɓen tofik yanzu, kafin ka buɗe kwamfuta je ka wajen wanda data, wato bayanan da za ka yi binciken da su, take hannunsa, ka ji e ko a'a daga bakinsa, in da hali ma a rubuce. Sa hannun sufabaiza ba ya buɗe maka durowar kowa, ni da na ɗauka yana yi ga inda ya kai ni. Tsofaffin caftocin nan uku suna nan a wata folda, har yau ban iya buɗe ta ba, kuma na kasa gogewa.