Abin da tafiyar Badagry ta koya mini

Ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a ofishinmu na shirya wa ɗalibai rangadi. Tun da kowa ya ji labarin tafiyar Badagry, garin nan na bakin teku a Jihar Legas, daga ɓangare ɗaya, bari in faɗi nawa kafin in tafi.

Maigida ne ya zaɓi watan Yuni, don a lokacin babu 'yan yawon buɗe ido, masauki ya yi araha. Ya sa aka buga a takardar talla cewa yaran Sakkwato za su taka inda Clapperton, wani Bature mai binciken ƙasashe, ya fara tafiyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na ce, Yallaɓai, shi Baturen a Disambar 1825 ya tashi daga Badagry, da rani ke nan, amma duk da haka zazzaɓi ya kashe wasu daga cikin abokan tafiyarsa tun ba su yi nisa ba, shi ma a nan wajen Sakkwato ya rasu a 1827. Na ƙara da cewa Yuni shi ne tsakiyar daminar Legas, ruwan da suke samu a shekara kuma ya ninka namu fiye da sau biyu. Ya ce raki ne ke damuna.

Shirinsa shi ne mu haye zuwa tsibirin Gberefu a kwalekwale, mu bi hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa bakin teku, daga nan mu miƙe yamma a ƙafa, kowa da jakar goyonsa, muna kwana a tanti. Shi kuwa ya tsaya a otal cikin gari, wai zai riƙa kula da lissafi.

Wanda ya tashi a bakin gulbin Rima yakan ɗauka ya san ruwa. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana. Idan ta janye, yashin bakin ruwa yakan yi tauri, tafiya ta yi daɗi. Idan ta cika, dole ka hau sama cikin rairayi mai cinye ƙafa, ga kaya a baya sun sha ruwa sun yi nauyi. Gishiri da yashi suka shiga takalma, ƙafafun yara suka yi bororo. Rumfunan masu sayar da abinci duk a rufe, ruwan rijiyoyin da muka samu kuma zartsi ne. Masunta ne suka cece mu. Wani dattijo ya nuna mini lokutan da ya kamata mu tashi, ya hana yaran ko wanke ƙafa a inda igiyar ruwa ke ja da ƙarfi, ya ba mu rumfarsa muka kwana. Allah ya saka masa da alheri.

Da zazzaɓi ya kwantar da yaro ɗaya, na kira maigida, wayarsa a kashe. Na yanke shawara ni kaɗai, na nemi babura muka fita titi, na kai yaron asibiti. Duk wanda na tafi da shi na maido shi ga iyayensa. Amma a rahoton da aka rubuta, ni ne na katse rangadi ba da izini ba, ni ne na jawo wa ofis asara.

Ga wanda zai gaje ni: umarnin da bai kwanta maka ba, ka roƙa a rubuta maka shi a takarda. Ka sa tufafi da waya a leda kafin su shiga jaka. Ka tafi da gidan sauro. Ka gaida masunta kafin ka kafa tanti.

Kuɗin asibitin daga albashina aka cire, har yau ba a maido mini ba, ni kuma ban sake tambaya ba.