Karanta ganyen tumatir kafin a ƙara masa taki

Da zarar ganyen tumatir ya fara rawaya, yawancin masu lambu sai su ce yunwa ce, su ƙara taki. A komin da ake nomawa da takin gargajiya zalla, wato kashin shanu da na kaji da toka, wannan gaggawar takan ƙara dagula lamarin, domin sau da yawa abincin yana nan cikin ƙasa, saiwar ce ta kasa ɗauka. Shi ya sa ba na taɓa buhun taki sai na duba abu uku: wane ganye ne ya fara lalacewa, me ke bayansa, kuma yaya saiwar take.

Da sassafe nake shiga lambu, kafin rana ta sa komai ya yi yaushi. Abin da na fara dubawa shi ne ko matsalar daga gindi ta taso ko daga toho. Sinadaran abincin shuka irin su naitirojin da fosforas da fotashiyam da magnisiyam, shuka tana iya janye su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka ƙarancinsu a ganyen ƙasa yake fara bayyana. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuwa inda suka zauna nan suke, sai ƙarancinsu ya nuna a saman shuka.

Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗayansa har da jijiyoyin, shukar ta tsaya ba ta girma, ƙarancin naitirojin ne. A nan nakan tona ƙasar in ga irin takin da aka zuba. Kashin kajin da ake sayowa daga gidajen kaji yakan zo da garin katako ko ɓuntun shinkafa mai yawa. In bai ruɓe ba, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai su cinye naitirojin ɗin da ke ƙasa, su bar shuka da yunwa alhali komin cike yake da taki. Ɗanyen kashin kaji marar haɗi kuma akasin haka yake yi: ganye ya yi kore shar fiye da kima, bakinsa ya ƙone ya lanƙwashe, saboda zafin amoniya da gishirin da ke cikinsa. Duka biyun rigakafinsu ɗaya ne. Nakan tara takin, in jiƙa shi, in riƙa juya shi duk mako biyu har wata biyu, sai ya daina zafi a hannu, warinsa ya koma irin na ƙasa.

In tsakanin jijiyoyin tsohon ganye ne ya yi rawaya, su jijiyoyin suna nan kore, magnisiyam ne, kuma an fi ganinsa lokacin da 'ya'ya suka yi nauyi. Maganinsa gishirin Epsom ne, wato gishiri mai ɗauke da magnisiyam, giram 10 a lita ɗaya ta ruwa, wato giram 160 a tankin feshi mai lita 16, a fesa da yamma. In gefen ganyen ne ya bushe kamar an bi shi da wuta, fotashiyam ne, toka tana maganinsa.

Amma toka ita ce na fi jan kunnen mutane a kanta. Tumatir yana son ƙasa mai ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tsakanin 6.0 da 6.8. Toka tana kashe tsamin nan. Idan aka yi ta zubawa shekara da shekaru, sai ka ga sabon toho ya fito fari-fari, jijiyoyinsa siraran kore, alamar ƙarfe ya ƙi shiga. Ba rashinsa ba ne a ƙasar, ɗaurewa ya yi. Ba na wuce giram 100 na toka a murabba'in mita guda a shekara, kuma ba na haɗa ta da kashin kaji a tari ɗaya, domin tana sa naitirojin ɗin ya tashi a iska.

A tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, bayan ganyen sabon dashe yakan yi shunayya. Sanyin ƙasa ne ya hana saiwa jan fosforas, yakan wuce da kansa in gari ya yi ɗumi.

Sai in juya ganyen. Ɗigo-ɗigon fari masu yawa tare da siririyar saƙa aikin jan gizo-gizo ne, mai son ƙura da bushewar iska. Nakan kakkaɓe ganyen a kan farar takarda, in ɗigon ya motsa to shi ne. Idan na girgiza shuka fararen ƙudaje ƙanana suka tashi, sabbin ganye kuma sun ƙanƙance sun naɗe sama da rawaya a gefe, cutar bairas ce da ƙudan ke yaɗawa. Ba ta da magani, tuge shukar ake yi a fitar da ita daga lambu. Kada a rikita ta da naɗewar zafin rana, wadda ganye ke naɗewa amma yana nan da girmansa da korensa. Faffaɗan tabo mai haske da ake hango baƙin kashin tsutsa a cikinsa kuwa Tuta absoluta ce, wadda manoma ke kira sharon, ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Ganyen da ta shiga tsinke shi nake yi in binne da zurfi. Ga waɗannan ƙwari ina daka ƙwallon darbejiya giram 50 a kowace lita, ya kwana a ruwa, in tace da ƙyalle, in sa ɗan sabulu, in fesa bayan ganye duk mako. Yana rage su ne idan an fara da wuri, ba ya ceto gonar da suka riga suka mamaye.

Idan shuka tana yaushi alhali ƙasa da danshi, sai na tuge ɗaya. Lafiyayyar saiwa fara ce mai gashi. Wadda ta yi duhu ta yi laushi ruwa ne ya yi mata yawa, abin da ya zama ruwan dare a fadama mai laka, kuma rage ban ruwa da buɗe magudana ne gyaranta. Ƙulle-ƙulle a jikin saiwa tsutsar nematod ce, ta fi yawa a jigawa, sai a huta da tumatir da attaruhu da yalo a wurin, a sa masara ko dawa. In saiwar ba ta nuna komai ba, nakan yanke karan in rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau. Cikin 'yan mintuna, in wani farin zare kamar madara ya fara sauka daga yankan, bakteriya ce ta toshe hanyar ruwa, kuma ruwan da ya bi ta wannan komin bai kamata ya gangara na gaba ba.

Bayan na yi gyara, abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in ɗaura ɗan tsumma a shuka biyu ko uku don in gane su. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa daidai, saboda haka sabon tohon da zai fito cikin kwana bakwai zuwa goma nake dubawa.