Zanen Shaguɓe a Barandar Shagona

Shagona ɗaki ɗaya ne da baranda a Kaduna, ni da yara biyu. Katin biki muke bugawa, da kalanda, da sa hoto a firam. Amma abin da ke tara mutane a barandar nan bayan La'asar shi ne zanen shaguɓe na siyasa, wanda wasu ke kira katun.

Mafarin abin wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta. Ya shigo da akwatin ƙarfe maƙil da zanen da ya yi shekaru yana yankowa daga jaridu. Takardun sun yi ja, sun bushe ƙayau, gara ta ci gefen wasu. Ya ce, "Ɗana, ka ceto min waɗannan kafin su zama gari." Na ce, "Baba, in sha Allahu."

A kan akwatin nan na koyi aikin. Tsohuwar jarida ba a yi mata laminetin, in ta manne ta manne ke nan har abada. Sikana ake sa ta, a ɗora baƙin kwali a bayanta don kada rubutun ɗaya shafin ya leƙo. Tabon salatif da na ruwa ina goge su a kwamfuta, amma layin alƙalamin mai zanen ba na taɓa shi ko da ya karkace. Guda ɗaya kan ci min awa biyu. Kuɗinsa bai kai na katin biki ba, sai dai ban taɓa jin nauyinsa ba.

Abin da ya fi burge ni, a bayan kowanne Baba ya rubuta sunan jarida da kwanan wata da fensir. Akwai wani na 1984, an zana ɗan jarida da kwaɗo a baki. Yarona ya kalla ya yi dariya, ya zaci na bana ne. Baba ya zaunar da shi ya ba shi labarin Doka ta 4 ta mulkin sojan Janar Buhari, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a ƙarƙashinta. Yaron ya sake ɗaukar takardar, ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba. Tun ranar duk zanen da zan sa a firam sai na buga shekara da sunan jaridar a ƙasansa.

Daga baya wani malamin jami'a ya kawo kwafin zanen Akinola Lasekan, mai sa hannu da "Lash" a West African Pilot, jaridar da Azikiwe ya kafa a Legas a 1937. Ya caccaki Turawan mulkin mallaka, amma kuma ƙiri-ƙiri jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe yake yi, abokan hamayyarta ba su tsira daga alƙalaminsa ba. Ranar da na rataye su, musu ya kai mu Magariba a kan ko ya dace mai zane ya ɗauki ɓangare. Ni dai a ganina ya ɗauka, muddin ya sa sunansa kowa ya san inda ya tsaya.

Kwanakin nan Handala aka fi nema, yaron nan Bafalasɗine ɗan shekara 10, ba takalmi, ya juya baya ya harɗe hannu. Kafin in miƙa firam sai na gaya wa mai saye cewa Naji al-Ali ne ya zana shi, kuma harbe mai zanen aka yi a Landan a 1987.

Inda raina ke ɓaci shi ne waya. Mutum zai turo min zane daga WhatsApp an datse sa hannun, wani lokaci har an sauya maganar da ke ciki. Aikin Mustapha Bulama na Daily Trust na sha ganinsa a haka. Sai na nemo na asali kafin in buga, kuma guda ɗaya nake bugawa na bangon mai shi, ba na tarawa in sayar da gumin wani.

Lokacin kamfe wani yaron ɗan siyasa ya zo da tsohon zane, wai in cire kan da ke jiki in ɗora na abokin hamayyar ubangidansa, in buga dubu biyu. A makon ko kuɗin tawada ba ni da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, fastar maigidanka zan buga maka ko nawa ce, amma wannan ba zan iya ba." Ya kwashi kayansa ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Baba ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. 'Ya'yansa sun dawo min da akwatin suka ce ya fi dacewa da nan. Saura kusan rabi ban sa a sikana ba, kullum in na rufe lissafi ina yin biyu ko uku kafin in ja ƙofa.